Juma'ar da Na Tare Baffa a Ƙofa

Wautar da na yi ita ce na yarda cewa duk cikin mutanen gidanmu ni ne zan iya sa unguwa ta yi shiru. Wanda ya san ni zai fara dariya tun daga nan. Malamin allo ya sallame ni tun ban yi nisa ba, ya gaya wa mahaifina cewa kan yaron nan lafiyarsa ƙalau, bakinsa ne ba ya barin kan ya ji karatu. Daga nan na faɗa sana'ar agashe, tsiren nan namu da kakanni suka taho da shi a hanyar hajji, na kafa teburina a gefen kasuwar Umdurman. Duk mai wannan sana'a ya san rabin abin da ake saya nama ne, rabi hira. Da hira na ciyar da iyali. To irin wannan mutum aka ba gadin shiru, ya kuma karɓa yana bugun ƙirji.

Abin ya faro daga 'yata ta uku. Ta gama jami'a a fannin kwamfuta, ta dawo gida ta zauna. Damina ta wuce, wata ta zo ta same ta a nan. Aikinta gyara wayoyin matan unguwa, a biya ta da Allah ya kawo miji nagari. Ba ta da yawan magana, ba ni ta gado ba, amma ina lura da yadda take ƙara shigewa ɗaki tana rage zaman tsakar gida. Sai wani kamfani a Khartum, masu tsara wa shagunan magani lissafin kayansu, suka kira ta. Suka gwada ta, suka ce ta yi musu, sai dai wanda za su ɗauka dole ya zo da shahadar aikin girgije, wato satifiket ɗin da ake samu bayan wata jarrabawa ta daban, domin abokan hulɗarsu na waje ita suke tambaya. In ta kawo kafin ƙarshen wata, kujerar tata ce. In ba ta kawo ba, akwai mai jira.

Na tambaye ta mene ne girgijen. Ta dube ni, ta san da wanda take magana.

"Yaba, naman da ya kwana ina kake ajiye shi?"

Na ce a ɗakin sanyi na kasuwa, ina da kanta guda da nake haya.

"Ɗakin naka ne?"

"Ina na ga kuɗin ɗakin sanyi."

"In injinsa ya lalace kai kake gyarawa?"

"Allah ya kiyaye."

Ta ce to haka kamfanoni suke yi yanzu. Maimakon kowa ya sayi manyan kwamfutoci ya cika ofis, sai ya kama haya a na wasu, can wata ƙasa, ya riƙa ajiya da aiki ta intanet. Ita aikinta ta san wace kanta za a kama, yadda za a jera kaya, da yadda za a kulle kada ɓera ya shiga. Na ce ashe abokiyar sana'a na haifa. Tun ranar nake yi wa masu sayen nama bayanin girgije kamar ni na ƙera shi.

Ɗan ƙanwata ne ya fara zuba mana ruwan sanyi. Shi bai shiga jami'a ba, ja wa ofisoshi wayoyin intanet yake yi a tsakiyar Khartum, yana yawo da sukudireba a aljihun gaba kamar alƙalami. Ya zo cin abinci ya tarar da ita a kan littattafan, ya ji abin da take shiri.

"Kawu, takardar nan fa kamar hular alhazai ce. A kasuwa ake sayar da ita. Ba duk wanda ya ɗora ta ne ya ga Ka'aba ba. Tambayoyi ake haddacewa a je a zuba, a fito a manta."

Na ce wallahi gaskiya ne.

Ita kuma ba ta ɗaga kai daga kwanon ba ta ce, "Kai kana shiga ofis a ga hannunka. Ni wa zai bar ni in taɓa masa na'ura don ya ga abin da na iya? Takardata suke gani kafin su gan ni. In ba ta ɗauke da abin da suke nema, ko sunana ba sa karantawa."

Na ce wallahi wannan ma gaskiya ne.

Matata ta ce, "Malam, kai dai ci abincinka. Duk wanda ya yi magana a ƙarshe kai nasa ne."

Kuɗin jarrabawar ba ya biyuwa daga nan a lokacin, katinmu ba ya aiki a waje. Wanta da ke aiki a Saudiyya ne ya biya, ya kuma gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa sau ɗaya zai iya. Jarrabawar kanta a gida ake yi. Wani ne daga wata ƙasa yake kallonka ta idon kwamfuta tun daga fari har ƙarshe, yana kuma saurare. Dole ɗaki ya kasance a rufe, kai kaɗai. In wani ya shigo, ko aka ji murya kusa kamar ana gaya maka amsa, yana da ikon katse komai, kuɗi ya tafi, ƙarshen wata kuma ba zai jira ba.

Nan muka dubi gidanmu. Gida ne irin na Umdurman, ɗakuna suna kallon tsakar gida, ƙofofinsu labule ne, babu wanda ya taɓa rufe kansa a ciki sai mara lafiya. Ɗaki ɗaya ne mai ƙofar ƙarfe, shi ne diwan, ɗakin baƙi maza da ke jikin ƙofar gida, tagarsa tana kallon titi. Nan ne kuma intanet ya fi kamawa. Aka tsaida magana a nan za ta zauna, ni kuma in zauna a waje in tare duniya.

Ta roƙe ni in sanar da maƙwabta da dangi kada kowa ya zo ranar. Na ƙi. Mu an raine mu da cewa ciki da tafiya da ciniki ba a faɗarsu sai sun tabbata, saboda baki. Uwata ko tuwo ta ɗora ba ta cewa za a ci, sai ta ce in Allah ya yarda za a gani. Na ce wa yarinyar nan ta bar mini, ba wanda zai ji, ba kuma wanda zai shigo. Ta zaɓi safiyar Juma'a, domin kasuwa a rufe take, masu raksha, keken nan mai ƙafa uku, ba su fito ba, titi shiru. Ita ƙarar mota take tunani. Ni da na girme ta ya kamata in tuna cewa Juma'a ce ranar da dangi suke zagawa fatur, karin hantsin nan da ake haɗuwa a ci tare. Ban tuna ba.

Ranar Alhamis muka kwashe diwan. An ce kada a ga rubutu ko ɗaya a ɗakin, don haka har allon Ayatul Kursiyyu da ke bango tun zamanin mahaifina sai da aka sauke. Matata ta tsaya riƙe da shi ta ce, "To an fitar da aya, me ya rage a ɗakin?" Ta je ta jingine shi a bayan bangon ta waje, daidai inda yarinyar za ta ba baya, ta ce mai kallon nan dai ba ya gani ta cikin tubali. Na aro batirin mota saboda wuta, wadda a shekarun nan take zuwa kamar baƙuwa mai jin kunya. Da safe aka tura jikoki gidan kakarsu ta wajen uwa. Zakara ma aka ɗaure ƙafarsa aka kai shi baƙunta, yana zagina har muka sha kwana. Matata ta shige kicin ta zauna da carbi, ta ce ko cokali ba za ta taɓa ba.

Yarinyar ta shiga ta ja ƙofa. Na ɗauko benci na zauna a waje, bayana jikin bango.

Da farko abin ya tafi daidai, har na fara ganin kaina gwani. Mai madara ya taho a kan jaki yana dukan jarka da sanda, na tare shi tun daga nesa na saye madarar da ba mu bukata, na nuna masa wata hanya. Wani maƙwabci ya fito yana miƙa, ya hango ni ya nufo da fuskar hira, na kama kumatu na nuna masa haƙori ne yake ciwo. Ya yi mini sannu da hannu ya wuce, kuma na ga kamar har da murna a tafiyarsa. Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi ba sai ranar. Magana tana taruwa mini a baki kamar yawu.

Hantsi ya ɗaga, sai na ji sallama daga bakin lungu. Ba sai na waiwaya ba. Murya ɗaya ce a danginmu take fara sallama tun gida bai bayyana ba.

Baffa ƙanin mahaifina ne, shi kaɗai ya rage a cikinsu. A Jabal Awliya yake zaune, kusa da madatsar ruwa. Ya yi sana'ar kamun kifi a ƙuruciya, da ƙarfi ya ragu ya koma karantar da manya bayan sallar asuba. Shi da mahaifina suka gina diwan ɗin nan da hannunsu, kuma tun ina yaro in ya zo ba ya ƙwanƙwasawa. Yakan tura ƙofa ya shiga, ya rataye rawani a ƙusa, ya miƙe a kan angarib, gadon igiyar da kowa ya san nasa ne, sannan a zo a gaishe shi. Kunnensa ya yi nauyi, don haka yana magana kamar kowa a hayin kogi yake. Ga shi nan tafe cikin farar jallabiya, sanda a hannu ɗaya, kwandon kifi a ɗaya.

Na ruga na cafke hannunsa, na amsa sallamar da raɗa.

"Me ka ce?"

"Na ce sannu da hanya, Baffa."

"Kai yaro, maƙogwaro ne yake damunka? Buɗe baki ka yi magana."

Furfura ta gama cin gemuna, amma yaro yake ce mini. Na karɓi kwandon, na riƙe gwiwar hannunsa na juya shi a hankali kamar ana juya kwalekwale, muka fuskanci inda ya fito. Na kai bakina kunnensa na ce mu je mu sha jabana wajen mai shayi tukuna.

"Gahawa a titi, ga gida?"

Nan shaiɗan ya ba ni aron ƙarya. Na ce an fesa maganin sauro ne, ba a shiga sai ya sha iska. Ya tsaya, ya ɗaga hanci sama ya shaƙa, ya sake shaƙa.

"Kunnena ne ya mutu, ba hancina ba."

Duk da haka ya bi ni, domin Baffa ba ya jayayya a titi. Mai shayinmu tana zama a gindin wata bishiyar nim, wato darbejiya, a ƙarshen lungu, inda murya ba za ta kai diwan ba amma ina iya hango ƙofa. Ta ba shi kujerarta mafi kyau. Na ga ba makawa, na gaya masa gaskiya. Sai dai gaskiyar da za ta shiga kunnen Baffa dole a ɗaga ta. Asirin da na ɓoye wa kowa saboda baki, ni da bakina na shelanta shi a gaban mai shayi da masu jiran shayi da wani mai gyaran taya. Kowa ya ce Allah ya ba da sa'a. Baffa bai ce ba tukuna. Ya juya ɗan finjalin a hannunsa.

"Wa yake yi mata jarrabawar?"

"Wani ne a wata ƙasa, yana kallonta ta cikin kwamfuta."

"Ka san shi?"

"A'a, Baffa."

"Ka san ubansa?"

Na girgiza kai.

"Wato wanda ba ka sani ba yana cikin diwan da 'yarka, an rufe ƙofa. Ni da na ɗora tubalin diwan ɗin ina gindin bishiya."

Na ce wataƙila mace ce. Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba, bai taimaki kowa ba.

Na yi masa bayanin aikin, da ƙarshen wata, da wanta da ba zai iya sake biya ba. Har misalin ɗakin sanyi na kawo masa. Ya saurara, ko dai ya kalli bakina yana motsi. Da ya gama gahawar ya sunkuyo ya ce, da muryar da shi a wurinsa raɗa ce, yana so ya kama ruwa. Tsoho ne, tun asuba yake cikin mota. Bayan gidanmu kuwa sai an tura babbar ƙofa, mai kuka kamar akuyar da aka taka, an bi ta gaban diwan.

Na kai shi gidan maƙwabcin nan da na yi wa ƙaryar haƙori. Mutumin ya karɓe shi da girmamawa, ya kawo buta da kansa, ya shimfiɗa darduma, yana tambaya ko lafiya gidanmu, ko ruwa ne ya ɗauke. Kowace kalmar alherinsa kamar yana zuba mini garwashi a aljihu. Na tsaya a bakin ƙofarsa, ido ɗaya a gidana, ina jin Baffa yana yi wa baƙon gida godiyar buta, ga bangon da ya gina yana kallonsa.

Ya fito da alwalarsa, ya gyara rawani. Ya nuna kwandon da ke hannuna.

"Ka ba uwar yara. Da asuba aka fid da shi daga ruwa, kada rana ta ɓata shi."

Na ce saura kaɗan ta gama, ya dawo gindin bishiya mu ɗan ƙara zama, fatur ɗinsa yana nan, angarib ɗinsa yana nan. Ya ce zai yi Juma'a a babban masallaci ya wuce gida. Na roƙe shi da girman mahaifina.

"Ban saba jiran izini a gidan wana ba," ya ce, ba da faɗa ba. Ya juya.

Na bi shi taku kaɗan, sai ga mai amalanken kayan miya ya shigo ta ɗaya bakin lungun, da lasifikarsa da ke ta maimaita tumatir da albasa. Kai tsaye tagar diwan ya nufa. Na tsaya a tsakiyar titi da kwandon kifi, Baffa yana tafiya ta nan, lasifika tana tahowa ta can. A wurinmu baƙo ana raka shi har ya ce ka koma, ka ƙi, ya sake cewa, sannan ka tsaya kana kallonsa har ya ɓace. Wanda aka kora ne kawai yake fita shi kaɗai. Na san wannan sarai. Na ruga wajen mai tumatir. Kafin in gama roƙonsa ya kashe abin, in waiwayo, Baffa ya sha kwana.

Na koma kan benci. Wannan karon shirun bai yi mini wuya ba.

An kusa kiran salla ƙofar diwan ta buɗe. Ta fito tana riƙe da bango, leɓenta a bushe. Uwarta ta taso daga kicin, carbi a hannu. Yarinyar ta ce ta ci. Uwar ta zauna a ƙasa inda take ta fara kuka, ni kuma na fara ba da labarin yadda na yi da mai madara, don bakina ya gaji da azumi. Ta ce sau ɗaya mai kallon ya dakatar da ita, ya rubuto yana tambayar muryar wa ya ji. Ta ce masa mai wucewa ne a titi, ya sa ta juya kwamfutar ya ga ɗakin, sannan ya bar ta ta ci gaba. 

"Yaba, kamar muryar Kaka na ji."

Idonta ya sauka kan kwandon.  Matata ta ɗauki kifin ta shiga gyarawa, ta soya shi da kyau, muka ci a tsakar gida. Ban taɓa cin kifi mai daɗi da ya ƙi wucewa irin wannan ba.

Ta sami aikin. Tun daga nan iyaye suke tare ni a bakin tebur su tambaya ko yaransu su nemi shahadar nan, ko ɓarnar kuɗi ce, kamar ni ne na zauna jarrabawar. Nakan gaya musu abin da na gani da idona, ban san fiye da shi ba. Takardar ta sa an kira ta an ba ta kujera. Bayan nan ba ta ƙara yi mata komai ba. Makonnin farko takan dawo fuska a ɗaure, ta ce abin jarrabawa a jere yake, na ofis kuwa a cakuɗe, kowa ya zo ya ɗaura nasa ya tafi. Har ɗan ƙanwata ta kira ya nuna mata wasu abubuwa, ya nuna mata, ya kuma yi wata guda yana tsokanarta. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ya watsa mu, ita ta sa aikinta a jaka ta ci gaba da shi a inda muka sauka, teburina kuwa yana can. Shi ɗan ƙanwata ya faɗa garin da ba wanda ya san hannunsa, abin da aka fara tambayarsa takarda ce, ya kira ta yana neman littattafan. Amma kuma tana da ƙawa mai irin shahadar har uku, wadda har yau turare take sayarwa ta waya. Don haka nakan ce musu abin kamar yaji ne. Ƙamshinsa yana kiran mai saye daga nesa, in kuwa naman bai gasu ba ba zai dawo ba, kuma akwai ranar da za ka barbaɗa yajin duka ba wanda ya biyo ta titin. Sukan tafi ba su gamsu ba. Ni ma haka.

Wannan duk daga baya ne. A lokacin abin da ke gabanmu Baffa ne. Juma'a ta bi Juma'a bai zo ba. In na kira waya, jikarsa ta ce yana masallaci, ko yana barci. Da yarinyar ta karɓi albashin farko ta yi abin da ake yi, ta fara da manya. Ta sayi yadin farar jallabiya da sukari da ganyen shayi, ta ce in raka ta Jabal Awliya.

Na tafi da shirin a yi mini faɗa, har na tanadi fuskar da zan sa. Ba a yi ba. Tun daga nesa ya hango mu ya taso da kansa. Ya zaunar da ni a kan angarib ɗinsa shi ya zauna a tabarma, na ce Baffa don Allah, ya ce baƙo ba ya zaɓar wurin zama. Aka yanka kaza, aka kawo kifi, aka kawo gahawa da turare. Duk abin da na miƙa hannu zan ɗauka sai ya riga ni ya miƙo mini. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ya shafa yadin, ya sa mata albarka mai tsawo. Sannan ya ce ta matso kusa da kunnensa mai ɗan ji.

"'Yar nan, wa ya karantar da ke wannan ilmin?"

Ta ce malamai ne da yawa, a bidiyo take kallonsu.

"Sun san ki?"

"A'a, Kaka."

"To wa ya ce kin iya?"

Ta ce kamfanin da ke da kwamfutocin ne yake ba da shaidar. Ya gyaɗa kai. Ya ce shi da ya sauke littafinsa na farko na fiƙihu, malaminsa ya riƙe hannunsa a gaban mutane ya ce na ba ka izini kamar yadda wane ya ba ni, shi ma wane ya ba shi, ya jero su har can ƙasar da kakanni suka baro. Ya ce ba takarda aka ba shi ba, amma in ya yi kuskure a karatu ya san fuskar da zai ji kunya. Ba gori yake yi mata ba, tambaya yake yi da gaske, ita ma ta gane. Ta ce nasu ba haka yake ba, kuma ita ma wani lokaci takan so a ce akwai wanda zai riƙe hannunta. Amma ta gaya masa cewa in mai shagon magani a wani gari ya duba ya ga maganin ciwon sukari ya kusa ƙarewa ya aika a kawo kafin tsoho ya zo nema, da hannunta a ciki. Wannan ya shige shi. Ya ce to aiki ne, Allah ya yi masa albarka.

Da ta tsaya nan da mun tashi lafiya. Amma gaskiya ta yi mata yawa, ba ni ta gado ba. Ta ƙara da cewa shahadar ma ba ta dindindin ba ce, bayan shekara uku takan mutu, sai an sake zama an sabunta, domin na'urorin suna canzawa.

Baffa ya sa ta maimaita. Ta maimaita. Ya yi dariya har sai da ya share ido da gefen rawani, ya ce bai taɓa jin ilmin da yake rubewa kamar kifi ba. Muka taya shi dariya, na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Na ce a raina shi ke nan, an wuce wurin.

Da la'asar muka yi sallama. Ya ɗauki sanda ya ce zai taka mana. Tashar tana da 'yar tafiya, rana ba ta gama sanyi ba. Na ce ya koma, ya ƙi. Na sake cewa, ya yi kamar kunnen ne. Yana tafe a hankali yana nuna wa yarinyar inda ruwa yake kaiwa da kaka, da inda suke shanya taru a da. Sai da muka shiga mota muka zauna, ita a ciki ni a bakin taga, yaron mota yana ta kiran Khartum. Baffa ya matso ya dafa tagar. Ba ya fushi, fuskarsa a sake take. Ya faɗi maganar da har ya koma ga Allah ban ba shi amsarta ba, ni da ban taɓa rasa abin cewa ba.

"Kai yaro, in shekara ukun ta cika za ta sake zama, ka aiko mini da ranar tun da wuri, in san Juma'ar da ba ni da gida a Umdurman."